Hanyar Boston Ta Bi Ta Gidan Cundo

Idan mutum biyu suka sa ƙofar ƙarfe a tsakiya, ɗaya yana turawa daga waje, ɗaya yana dannewa daga ciki, sai na wajen ya janye kafaɗarsa ba zato, ƙofar ta koma ta datse hannun mace, wa ya karya hannun? Wanda ya danna, ko wanda ya saki? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samo mata kai ba. Dattijon da ake kira Don Nemesio Irizarry ma bai samo ba, ko da yake da ka tambaye shi a wancan lokaci, kafin ka rufe baki zai ce maka Cundo ne.

Gonar gahawar Nemesio tana bayan tudu a tsaunukan Maricao na tsibirinmu, kuma hanya ɗaya ce tak take kaiwa can wadda alfadari zai iya bi da buhu a gadon baya. Hanyar ta ratsa ta kan tudun, tudun kuwa na gwamnatin tarayya ne. Kakansa ya bi ta, ubansa ya bi ta, ba wanda ya taɓa ce musu ina za ku. Sai da aka kafa dogayen ƙarafan sadarwa a can sama, aka ba wani kamfani tsaronsu. Wata safiya a farkon tsinkar gahawa, Nemesio da matarsa Doña Providencia, wadda ake kira Provi, suka hau da kwandunansu, suka tarar da shinge da ƙofa, ga sarƙa tana lilo ba a riga an sa mata kwaɗo ba. A bayan ƙofar kuma, cikin rigar masu gadi da ta yi masa yawa a kafaɗa, Secundino Bonilla ne tsaye, wanda kowa ke kira Cundo.

Da baƙo ne da abin ya zo da sauƙi. Cundo shi ya riƙe 'yar Nemesio a coci ranar da aka yi mata baftisma, kuma tun daga ranar ba su ƙara kiran juna da suna ba sai compay. Wanda ya riƙe maka ɗa a gaban Fada ya fi ɗan'uwa nauyi. Ɗan'uwa kana iya zaginsa da safe ku ci abinci tare da rana, compay ba ka iyawa.

"Compay, buɗe mana, rana na yi," in ji Nemesio.

"Compay, an hana. Koma gida, zan zo da yamma mu yi magana."

Nemesio bai koma ba. Ya sa kafaɗa, Cundo ya sa tasa. Ƙofa ta yi gaba, ta yi baya. Provi ta ajiye kwando ta dafa ginshiƙin ƙofar tana cewa su daina abin kunya, tsofaffi da su. A daidai nan Nemesio ya ja da baya ya kai hannu ga addar da ke ƙugunsa. Ƙofar ta tafi da dukan nauyin Cundo a bayanta. Ƙarar da aka ji ba ta fi ta busasshen kara ba. A asibiti aka ɗora ƙasusuwan, suka haɗe, amma yatsun hannun damanta ba su sake dunƙulewa ba.

Lauyar da Nemesio ya ɗauka, Maritza Pietri, tana da ofis a garin Yauco a saman wani kantin magani. Ta shigar da ƙara a kotun tarayya ta babban birni da sunan Nemesio, da sunan Provi, da sunan aurensu, don a tsibirin nan aure ma yana da nasa layi a takardar kotu. Ƙara ɗaya ce mai kai biyu: a buɗe hanya, sannan Cundo ya amsa laifin hannu. Kamfanin bai jira komai ba ya sallami Cundo. Shi kuma ya samo wani lauya ɗan ƙanwarsa, ya mayar da tasa ƙarar cewa Nemesio ya ɓata masa suna, yana bin kanti kanti yana faɗin da gangan ya karya matar.

Alƙalin ya fara da hanya, ya kori wannan ɓangaren. Ya ce akwai wani tsohon allo a gindin tudun da ke cewa ƙasar ta gwamnati ce, ya daɗe a wurin har tsatsa ta cinye rabinsa, kuma tun ranar da aka kafa shi ya kamata masu gona su kawo kuka. Lokaci ya wuce. Maganar hannu da ta ɓata suna kuwa ya ce sai an zauna an ji shaidu, amma bai sa rana ba, don kotun cike take da shari'un mutanen da ke tsare, kuma su ake fara ji. Maritza ta ɗaukaka ƙarar hanya zuwa birnin Boston, inda alƙalan da ke duba hukuncin kotunmu ta tarayya suke zama. Aka yi ta jira har gahawa ta sake fure. Sannan lauyar ta kira su ofis.

"Mun faɗi ke nan," in ji Nemesio, tun bai gama zama ba.

"Ba mu faɗi ba, Don Nemesio, ba mu kuma ci ba. Cewa suka yi ba su da hurumin buɗe baki."

"Alƙalai har uku, a rasa mai baki ko ɗaya?"

"Bakin yana nan. Amma kotun sama ba ta ɗanɗana girki yana kan wuta. Sai na ƙasa ya sauke tukunya, ya ce ya gama da komai da kowa, sannan su sa cokali."

"Ai shinkafar ta dahu har ta kama. Waken ne bai nuna ba."

"Tukunya ɗaya muka zuba su."

"Wa ya zuba?"

Maritza ta cire tabarau ta dube shi. "Na ce maka mu kai maganar hannu kotun garinmu, daban. Ka ce a'a, sai Cundo ya tsaya gaban alƙalin tarayya an yi masa tambaya da Turanci har gumi ya jiƙa masa riga. Doña Provi tana zaune a kujerar nan."

"Ina zaune," in ji Provi.

Lauyar ta ce ta roƙi alƙalin ya raba ƙarar biyu, ya rufe ta hanya ita kaɗai don a samu a wuce da ita. Ya ƙi, ya ce a bakin ƙofa ɗaya abin ya faru, ba zai aika wa Boston rabin labari ba. Hanya biyu ta rage. Ko su zauna jiran ranar shari'ar hannu, wadda ba wanda ya san shekararta, ko su janye ta. Ta zaro takarda ta shimfiɗa a gabansu.

"Janyewa ta har abada, ba ta dabara ba. In aka bar ko zare ɗaya yana reto, can sama za su ce wayo muka yi musu, su sake maido mu. Kai za ka sa hannu, Doña Provi za ta sa. Cundo ma sai ya janye tasa, ya sa hannu a ƙasa. Ranar da aka yi haka tukunya ta sauka."

"In na yafe masa, su buɗe min hanya?"

"Za su karanta. Iyakar alkawarin da zan iya yi maka ke nan. Ba za su kira shaida ba, ba za su ga hannun Doña Provi ba, ba za su san kamanninka ba. Allon nan kawai za su duba, ko ya isa a ce an sanar da ku alhali hanya tana buɗe kuna bi. Ni a ganina alƙalin ya kuskure. Amma ba na cikin ukun."

Nemesio ya ɗauki hularsa. "Lauya, kakanki ya sayi gahawar ubana da mudun da ya fi na kowa zurfi, ba mu ce komai ba. Amma hannun matata ba kuɗin shiga ba ne da zan biya a bakin ƙofar Boston. Ba zan sa hannu ba. Matakalar gidan Cundo kuwa, sai dai a hau da gawata."

"Gawarka ba ta da abin yi a can," in ji Provi. Ta ninke takardar da hagu ta jefa a jaka.

Daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. Kowace safiya Nemesio yakan hau har bakin shingen. Yanzu wani saurayi ne baƙo yake gadi, ba ya ko ɗago kai daga wayarsa. Ta tsakanin wayoyin shingen ana hango gefen gonar a ƙetaren tudu, kusa har kamar ka miƙa hannu. Ya ga furen ya yi fari ya zube, ya ga 'ya'yan sun fito kore, ya ga sun fara ja. Ya kuma ga abin da ya fi damunsa: igiyar daji ta hau kan bishiyoyin layin farko ta lulluɓe su kamar an yafa musu bargo, itatuwan inuwa kuma, da ba a sassabe ba, sun haɗe kai sun hana rana shiga. Gahawa ba ta mutuwa rana ɗaya. Takan yi tsawo ta rame tana neman haske, ta rage haihuwa, sannan wata shekara ka zo ka tarar da daji. Ya san in aka ƙara kaka biyu haka, ko an buɗe masa hanya ba abin da zai tarar sai aikin da ya fi ƙarfin shekarunsa.

Sau ɗaya ya gwada zagayawa ta kwazazzabo. Ya sauka da baya yana riƙe saiwoyi, ya tsallake rafi, ya hau ɗaya gefen da rarrafe. Ya wuni yana saran igiya, bai kuɓutar da layi biyu ba. Ya dawo da gahawa cikin hularsa, don ba yadda za a yi mutum ya hau wannan gangare da buhu, gwiwoyinsa kuma suka kumbura har ya kwana biyu bai taka ƙasa ba. Provi ta shanya abin da ya kawo a faranti. A gidan da bai taɓa sanin gahawar kanti ba, yanzu ta gwangwani ake dafawa.

Abin da ya fi cin ransa shi ne ba wanda zai kama ya ce shi ya rufe masa hanya. Alƙalin ƙasa ya ce ya gama da hanya, ba zai sake taɓa ta ba. Alƙalan sama sun ce ba a gama ba, ba za su taɓa ta ba. Ya yi ta auna maganar yana neman inda ƙarya take, ya ga kowannensu gaskiya ya faɗa. Mutum yana iya faɗa da ƙarya. Amma gaskiya biyu da suka sa ka a tsakiya, ta ina za ka fara?

A kantin da ke bakin titi, inda ake buga wasan domino, mutane sun daɗe da raba musu lokaci ba tare da an yi shawara ba: Nemesio da hantsi, Cundo da la'asar. Wata rana ruwan sama ya ɓata tsarin. Ya tsare Nemesio a rumfar kantin tun azahar, yana zuba kamar da bakin ƙwarya, sai ga Cundo ya shigo a guje da buhu a ka. 'Yan domino suka tattara suka shige ciki, kowa ya tuna yana da abin saye. Su biyu suka tsaya a rumfa, kowa yana kallon titi.

Cundo ya rame. Shi ya fara magana, bai juyo ba.

"Na ji an rubuto maka takardar yafiya, Don Nemesio."

Sunan ya sauka wa Nemesio kamar mari. Ya rama. "Kunnenka da tsawo, Bonilla."

"Kada ka wahalar da biro. Mai laifi ake yafe wa. Ni ma ranar nake jira, na ma fi ka. Tun da aka sallame ni ba wanda ya ba ni ko gadin kaji. Matata ta koma cocin wani gari don kada a nuna ta da baki. Ina so in tsaya gaban alƙalin nan, da Turancinsa da tafintansa, in faɗi abin da ya faru."

"Abin da ya faru shi ne ka danna."

"Na danna. Aikina ke nan, an ce kada kowa ya wuce, kuma ina da bakuna a gida. Kai kuma ka saki." Sai yanzu ya juyo. "Abu ɗaya zan sa ɗan ƙanwata ya tambaye ka bayan ka rantse. Da ka kai hannu ga adda, sarƙa za ka sara ko ni?"

"Sarƙa."

"Sarƙar da ba a kulle ba?"

 Ruwa yana ta dukan kwano.

Cundo ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ka san wa ya aiko min da gaisuwa? Lauyan kamfani. Mutanen da suka kore ni ko hular ba su bar min ba. Wai in riƙe ƙarata da kyau, kada in bari a lallashe ni, ina da gaskiya. Na kwana ina mamakin wannan ƙauna. Sai na gane. Muddin ni da kai muna riƙe da wuyan juna, maganar hanya ba za ta bar tsibirin nan ba. Sun cire min riga, amma har yau ni ke yi musu gadin ƙofa, kyauta. Da ni da kai, mu biyu."

"To ka saki mana."

"Kai ne gwanin saki," in ji Cundo. Ya mayar da buhunsa ka, ya shiga ruwan tun bai tsagaita ba.

Da Nemesio ya isa gida ya tarar da Provi a baranda tana tsintar wake da hagu, hannun daman yana kwance a cinyarta, tafin a sama, yatsun a buɗe kamar mai jiran a ba ta wani abu. Takardar lauya tana kan tebur, an danne ta da kofi. Ya duba. A layi na biyu akwai sunanta, haruffan sun karkace kamar shingen da iska ta tura.

"Yaushe kika yi wannan?"

"Tun makon da muka dawo. Sai da na cika bayan kalanda da gwaji. Ka ga P ɗin? Fada ma ba zai fi haka ba."

"Tsohuwa, saboda ke nake wannan abu."

"Saboda ni. To sannu da ƙoƙari. Hannun nan nawa ne ko naka?"

"Namu ne. Lauya ma ta ce aure..."

"Aure ba ya jin sanyi a gaɓa in hadari ya haɗu. Ni nake ji." Ta watsar da wata tsakuwa. "In alƙali ya ce Cundo ne, yatsun za su lanƙwashe? Ni abin da nake so, tsoho, in zauna ƙarƙashin itacen lemon nan na tsakiyar gona, ko ban tsinki komai ba, in riƙa yi muku tsiya kuna aiki. Can uwata ta yaye ni, ubanta yana tsinka wa kakanka. Ka manta ba kai kaɗai ka gaji wurin ba."

Ya zauna a kan matakala, ya ba ta baya. "In na janye, duk gari za su ce dama ƙarya nake yi."

"Gari ya daɗe da komawa maganar wani. Kai kaɗai ka rage a wurin." Wake yana zuba a kwano ɗaya bayan ɗaya. "Ranar shari'ar nan da kake jira, ka san wa za a fara kira? Ni. Ni ce na fi kowa kusa da ƙofar, ina ganin fuskarka, ina ganin ta compay. Za a sa in ɗaga hannu in rantse, wannan ɗin dai da ba ya rufuwa. Duk tsawon lokacin nan ka gaya wa mai kanti abin da ya faru, ka gaya wa lauya, ka gaya wa alfadari. Ka taɓa tambayata abin da na gani?"

Provi ta ajiye kwanon.

"To ga ni. Tambaye ni."

Kaji suna tono a tsakar gida. Nemesio ya zuba musu ido kamar bai taɓa ganin kaza ba. 

"Shi ke nan," in ji Provi, muryarta ba faɗa a ciki. "Zan iya faɗa a gaban alƙali, ɗayanku ya fito kansa a ƙasa, lokacin gona ta riga ta zama gidan ɓeraye. Zan kuma iya tafiya da abina kabari, ku biyu ku ci gaba da zama mutanen kirki. Duk wanda ka zaɓa, ni dai na riga na rubuta sunana."

Kwana da kwanaki yana ɗauke da maganar kamar ƙaya a tafin ƙafa. Da yana da tabbacin Cundo ne, da yafewar ta zama kyauta, ya ba da ita yana ɗaga kai. Da yana da tabbacin shi ne, da ya je ya nemi gafara a wuce wurin. Amma bai sani ba, kuma takardar nan in ya sa mata hannu ba zai taɓa sani ba, don ba kotun da za ta sake tambaya, Boston kuwa allo kawai za ta duba. Ya tambayi kansa: in ya sa hannu yanzu, don gona ya yi, ko don Provi, ko don tsoron abin da za ta faɗa bayan ta rantse? Yafiyar da tsoro ya haifa, yafiya ce? Ya juya ta ta kowane gefe, bai ga ƙasanta ba. Abin da ya gano kawai shi ne kotu ba ta tambayar dalili. Tawada take so.

Ran Asabar ya hau bakin shinge kamar kullum. An yi iska da daddare, 'ya'yan gahawa sun zube, ƙasan layin farko ya yi ja wur. Igiyar daji ta tsallaka zuwa layi na gaba. Ya daɗe tsaye riƙe da waya. Da ya sauko bai tsaya cin abinci ba. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki takardar daga ƙarƙashin kofi, ya soke biro a aljihu. Ya kwance addar daga ƙugunsa ya rataye ta a ƙusa. Provi ta bi shi da ido har ya fita, sannan ta ce wa bayansa, "Ka gaishe min da comay, matar compay."

Gidan Cundo yana ƙasan coci, mai matakalar katako. Cundo yana zaune a baranda da ƙaramin tebur a gabansa, yana gyaran wata tsohuwar fitila. Ya ga mai zuwa tun daga nesa, bai tashi ba. Nemesio ya tsaya a gindin matakalar, ya cire hula.

"An ce sai da gawarka," in ji Cundo.

"An faɗa."

"To ga ka da ƙafafunka. In yafiya ka kawo, na gaya maka ba na saye."

"Ban kawo ba. Ban san ko ina da ita ba, ban kuma san wa ya kamata ya ba wani ba." Ya juya hular a hannunsa. "Tambayar da ka yi min a kanti, na nemi amsarta ban samu ba. Ko alƙali ya sa ni rantsuwa, abin da zan ce masa ke nan."

Cundo ya ajiye fitilar. "Comay Provi fa? Ita ta gani."

"Ta gani. Ta ce in tambaye ta."

"Ka tambaya?"

"Kai za ka tambaya?"

Cundo ya sunkuyar da kai yana goge baƙin mai daga yatsunsa, ya daɗe yana gogewa bayan sun fita. "In muka sa hannu, sunana ba zai wanku ba."

"Nawa ma haka. Kuma mai yiwuwa mutanen Boston su karanta su ce alƙali ya yi daidai, mu tashi ba suna ba hanya. Lauya ba ta ɓoye min ba. Amma in suka buɗe, gonar nan ta fi ƙarfin adda ɗaya."

"Aiki kake ba ni ko cin hanci?"

"Igiya nake gaya maka ta yi yawa."

Cundo ya ture fitilar gefe, ya share tebur da gefen hannu. Bai ce hau ba, bai ce kada ka hau ba. Nemesio ya dafa katako ya taka matakalar farko, gwiwarsa ta yi ƙara, ya taka ta biyu, har ya kai sama. Ya shimfiɗa takardar a tebur ya danne gefenta da fitila. Cundo ya leƙa, idonsa ya tsaya a kan karkatattun haruffan layi na biyu.

"Da hagu ta yi?"

"Da hagu."

Cundo ya juya ya kira matarsa ta cikin taga, ya ce ta miƙo masa tabarau, ta kuma ɗora ruwan gahawa, ko ta gwangwani ce.

Nemesio ya zaro biro. Ya sunkuya a kan layin farko, wanda ya daɗe yana jiransa a sama da sunan matarsa, ya rubuta nasa a hankali, harafi bayan harafi, har ya kai ƙarshe. Sannan ya juya takardar ta fuskanci ɗaya gefen tebur, ya miƙa biron.

"Saura kai, compay."